Jinyar Taɓin Hankali da Wutar Lantarki: Daga Birnin Rum Zuwa Gyaɗi-Gyaɗi

Gabatarwa

A gefen titin Zariya, a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta Ƙaramar Hukumar Tarauni, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda Kanawa suka fi sani da Asibitin Malam. An kafa shi a shekarar 1988, watau shekara 5 bayan rasuwar mai sunan, domin horar da ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero. Ya fara aiki a harabar Asibitin Murtala kafin ya tare a mazauninsa na yanzu. Daga cikin sassansa akwai na larurar ƙwaƙwalwa, inda ake duba majinyata, ake kuma koyar da likitoci.

Cikin darussan da ba makawa likitan ƙwaƙwalwa ya sani akwai wata jinya wadda jin bayaninta kaɗai kan sa gaban Bahaushe ya faɗi. Ita ce wadda ake sa wa majinyaci wutar lantarki kaɗan a ka, domin a jawo masa jijjiga irin ta farfaɗiya da gangan. Likitoci kan taƙaita sunanta da haruffa uku, ECT. Wannan maƙala za ta bi tarihin jinyar tun daga Turai har zuwa ƙasar Hausa, ta kuma nuna cewa na'urar ɗaya ce ta zama rahama a wani hannun, ta zama azaba a wani, gwargwadon sharuɗɗan da aka cika ko aka yi watsi da su.

Hauka a Idon Bahaushe

Harshen Hausa yana da yalwar kalmomi a kan gushewar hankali. Akwai hauka, da taɓuwa, da zautuwa, da zarewa. Akan ce wane yana da motsi, ko kuwa kansa ba daidai yake ba, in abin ya yi tsanani a ce haukan tuburan. Dalilan ma suna da sunayensu. Wanda ya bi ta kan juji ko gindin tsamiya da tsakar rana ya dawo a birkice, sai a ce ya yi gamo. Wanda ake zaton hannun mutum a cikin lamarinsa, sai a ce sammu ne ko jifa, in kuma ya bar gida ya shiga duniya, a ce an yi masa kurciya.

Masu magani kuwa kashi uku ne tun da can. Malamai suna yin tofi da rubutun sha da ruƙiyya. Bokaye suna ba da saiwoyi da turare da hayaƙi. 'Yan bori kuma suna yin girka, su yi kiɗan garaya ko goge har iskar ta hau, a san ko wace ce, a san abin da take so. Idan duk an gaza, mara lafiya kuma ya zama abin tsoro, sai a koma ga mari da turu, wani lokaci har da bulala.

Akwai kalmomi biyu da suka sa jinyar lantarki ta yi wa kunnen Bahaushe nauyi. Ta farko ita ce wuta. Da lantarki ya zo, Bahaushe bai nemo masa wani suna na yau da kullum ba, sai ya ce an kawo wuta, an ɗauke wuta. To, wuta ita ce mai ƙuna, ita ce kuma makomar da kowane Musulmi ke neman tsari da ita. Ta biyu ita ce farfaɗiya, ciwon da aka daɗe ana danganta shi da iskoki, ana kuma gudun yawun mai shi saboda zaton ana ɗauka, ko da yake ilmin likita ya tabbatar ba a ɗauka. Saboda haka idan aka gaya wa dangi za a sa wa ɗansu wuta don ya yi farfaɗiya, an haɗa musu abubuwan tsoro biyu ke nan a jimla ɗaya.

Asalin Jinyar

Neman magani a cikin lantarki tsohon abu ne. Masunta a ƙasar Hausa sun san minjirya, kifin da ke girgiza hannun wanda ya taɓa shi. A teku ma akwai mai irin wannan hali, kuma a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, wani likitan Rumawa mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa a ɗora shi a kan mai matsanancin ciwon kai. Amma fa jinyar da ake magana a kanta ba daga nan ta samo tushe ba. Daga nazarin farfaɗiya ta fito.

A birnin Budafes na ƙasar Hangare, wani likita mai suna Ladislas Meduna ya lura cewa wasu masu taɓin hankali kan sami sauƙi idan farfaɗiya ta buge su. Sai ya yi zaton cututtukan biyu kishiyoyin juna ne, in ɗaya ta shigo ɗaya za ta fita. A watan Janairu na 1934 ya fara yi wa majinyata allurar kafur don ya jawo musu jijjiga, daga baya ya koma ga wani sinadari mai suna Cardiazol. Wasu da suka shekara a sandare, ba magana ba motsi, suka tashi suka yi magana. Bincike na baya ya rushe zaton kishin da ya yi, amma amfanin jijjigar ya tabbata. Aibin allurar shi ne, tsakanin shigarta da zuwan jijjigar majinyaci kan shiga wani irin firgici kamar ransa zai fita, har wasu su yi ta roƙon kada a sake yi musu.

A Jami'ar Rum ta ƙasar Italiya, Ugo Cerletti da mataimakinsa Lucio Bini suna gwajin lantarki a kan karnuka. Da farko karnukan da yawa suna mutuwa, domin wutar tana ratsa zuciya. Bini ya gano cewa in aka ɗora wayoyin a gefe biyu na kai, zuciya kan tsira. Cerletti kuma ya je mayankar birnin, ya ga mahauta suna sumar da aladu da lantarki a ka kafin su yanka, ya lura cewa wuƙa ce ke kashe su, wutar sumarwa kawai take yi. A watan Afrilu na 1938 suka gwada a kan wani mutum da 'yan sanda suka tsinta a tashar jirgin ƙasa yana sambatu. Bayan an maimaita masa sau da dama ya dawo hayyacinsa, aka sallame shi. Cikin 'yan shekaru kaɗan na'urar ta bazu a Turai da Amurka, saboda ta fi allurar araha, majinyaci kuma kan sume nan take ba tare da wancan firgici ba.

Dafin Kibiya da Allurar Barci

Yadda ake yin jinyar a shekarun farko ba shi da kyan gani. Majinyaci yana farke za a kwantar da shi, ma'aikata su danne shi, a saki wuta. Jijjigar kan yi ƙarfin da za ta gocar da muƙamuƙi, ko ta tsaga ƙashin baya, ko ta karya haƙori. A 1940 wani likitan Amurka, A. E. Bennett, ya kawo dabarar amfani da kurare, dafin da mafarautan dazuzzukan Amurka ta Kudu ke shafa wa kibiyoyinsu, wanda ke kashe ƙarfin tsoka na ɗan lokaci. A farkon shekarun 1950 aka sami wani maganin da ya fi shi saurin aiki da saurin barin jiki, aka kuma haɗa shi da allurar barci. Daga nan jinyar ta kasu biyu, akwai gyararriya wadda ake yi mutum yana barci jikinsa a sake, akwai kuma tsurarta wadda ake yi ido biyu.

Sai dai kafin gyaran ya game ko'ina, sunan jinyar ya riga ya ɓaci. A manyan gidajen mahaukata na Turai da Amurka, inda majinyata suka yi wa ma'aikata yawa, an riƙa yin ta barkatai, ba neman izini, wani lokaci ma don a ladabtar da mai gardama. A 1952 aka fara amfani da ƙwayar kuloforomazin a birnin Faris, a 1957 kuma aka bayyana amfanin imifiramin ga ciwon damuwa a ƙasar Suwizalan. Da ƙwayoyi suka samu, sai mutane suka ga kamar zamanin na'ura ya wuce. Wani fim na Amurka da ya fito a 1975, One Flew Over the Cuckoo's Nest, ya nuna ta a matsayin kayan azaba, a 1982 kuma mutanen garin Bakli na jihar Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'ar haramta ta, kafin kotu ta soke haramcin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Duk da haka likitoci ba su yar da ita ba, domin akwai majinyatan da ƙwaya ba ta yi musu komai. A Ingila aka yi gwaje-gwaje, kamar na Northwick Park a 1980 da na Lesta a 1984, inda aka sa majinyata barci duka, aka sa wa wasu wutar, wasu kuma ba a sa musu ba, ba tare da sun sani ba. Waɗanda aka yi wa ta gaske sun fi samun sauƙi a makonnin jinyar, musamman masu damuwa mai tsanani.

Isowarta Nijeriya

Lokacin da ake wannan bincike a Turai, abin da gwamnatin mulkin mallaka ta tanadar wa masu taɓin hankali a Nijeriya tsarewa ce kawai. An buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, da na Yaba a Ikko a 1907, aka kuma yi dokar mahaukata a 1916. Rahoton da Dakta Bruce Home ya rubuta a 1928 ya nuna wuraren sun fi kama da kurkuku. A Arewa kuwa al'amarin yana hannun En'e, wadda takan ajiye mahaukatan da ake tsoro a gidan yari ko a wani killataccen wuri kusa da shi. Sauran suna hannun danginsu da malamai da bokaye.

Canji na sosai ya zo ne daga Aro, kusa da Abekuta. Dakta Thomas Adeoye Lambo, ɗan Nijeriya na farko da ya ƙware a likitancin ƙwaƙwalwa irin na Turawa, ya dawo daga Ingila, a 1954 kuma ya kafa tsarin da aka sani da jinyar ƙauye. Maimakon a kulle majinyaci, sai a kama masa ɗaki a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ya zauna tare da wani ɗan'uwansa, uwa ko ƙanwa ko kawu. Da safe ya zo asibiti a yi masa jinya, da yamma ya koma cikin mutane. Jinyar lantarki tana cikin abin da ake yi a Aro a shekarun 1950, tare da ƙwayoyin da suka fara shigowa. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, domin ya san su ne mutane suka fara yarda da su. Daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

Abin lura a nan shi ne, na'urar da ake ɓoyewa bayan manyan katangu a Turai, a Aro ana aiki da ita ɗan'uwan majinyaci yana kusa, yana ganin shigarsa da fitarsa, shi ne kuma zai dafa masa abinci. Idon dangi shinge ne da ke hana wulaƙanci.

Amma akwai matsalar da ta daɗe tana bin asibitocin ƙasar nan, ita ce ƙarancin likitocin sa barci da tsadar kayan aikinsu. Saboda haka asibitoci da dama suka ci gaba da yin tsurar jinyar har cikin shekarun farko na ƙarni na 21. Likitoci suka rabu biyu. Wasu suka ce majinyacin da ya ƙi ci ya ƙi sha yana bakin mutuwa, in aka ce sai an jira abin da babu, an bar shi ya mutu ke nan, da babu gara ba daɗi. Wasu kuma suka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin duk wanda aka danne aka sa masa wuta ido biyu zai koma gida da labarin da zai hana mutum goma zuwa asibiti. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora inda ta ce a daina tsurar jinyar, kada kuma a yi gyararriyar sai da yardar majinyaci bayan an yi masa bayani.

Kano da Hanyar Zuwa Asibiti

A Arewa, asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da suka fi daɗewa su ne na Barnawa a Kaduna, da na Kware a jihar Sakkwato, da na Maiduguri. A jihar Kano ma akwai wani a Dawanau, kan hanyar Katsina, garin da ya yi suna da kasuwar hatsi. Sunan ya shiga bakin Kanawa har ya zama abin zolaya, wanda ya yi wauta sai a ce a kai shi Dawanau. Wannan zolaya tana da tsada, domin iyali da yawa sukan ɓoye mara lafiyarsu a ƙuryar ɗaki don kada a ji, musamman in budurwa ce da ake sa ran aurarwa. Samuwar sashen ƙwaƙwalwa a cikin babban asibiti kamar na Gyaɗi-Gyaɗi ta rage wannan kunya, tun da mai shiga ƙofar ba a san ko ido ya kawo ko ƙoda ko ƙwaƙwalwa ba. Har ila yau, a irin wannan asibiti ne likitan ƙwaƙwalwa da likitan sa barci suke ƙarƙashin rufi ɗaya, wanda shi ne sharaɗin farko na gyararriyar jinya.

Masu bincike na wannan asibiti sun auna tunanin jama'a. A wani nazari da aka buga a 2004, an tambayi manya 250 a ƙauyen Karfi na ƙasar Kano. Kimanin kashi 34 cikin ɗari na amsoshin sun ɗora laifin hauka a kan shaye-shaye, kusan kashi 19 a kan ƙaddara ko fushin Ubangiji, kashi 18 kuma a kan sihiri da iskoki. Kashi 46 sun zaɓi asibiti a matsayin wurin neman magani, kashi 34 suka fi karkata ga addu'a da makamantanta. Wani nazarin na 2012 a kan majinyata 219 na asibitin ya nuna kusan rabinsu sun fara zuwa wajen malamai kafin su ga likita. Ma'anar wannan ita ce, da yawa ba sa isowa sai ciwo ya ci jiki, kuma a irin wannan hali ne ake fi bukatar magani mai saurin aiki.

Hanyar da wasu ke bi kafin su iso ta fito fili a 2019, lokacin da 'yan sanda suka kai samame gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta hana ɗaure majinyata da sarƙa, ta kuma ba su matsayin masu haƙƙi a gaban shari'a.

Yadda Ake Yi, Amfani da Illa

A tsarin da aka yarda da shi yanzu, majinyaci kan kwana bai ci komai ba, a auna zuciyarsa da jininsa. A yi masa allurar barci da ta sakin tsoka, a ba shi iskar oksijin, a sa masa roba tsakanin haƙora. Sa'an nan a ɗora wayoyi tsakanin ido da kunne, ko a gefe biyu ko a gefen dama kaɗai, a saki wuta wadda ba ta kai amfiya ɗaya ba na 'yan sakan-sakan. Jijjigar takan faru a ƙwaƙwalwa, yawanci ba ta wuce minti ɗaya, abin da ake gani a jiki bai fi motsin yatsun ƙafa ba. Akan yi sau 2 ko 3 a mako, jimla sau 6 zuwa 12.

Ba kowane mai taɓin hankali ake yi wa ba. An fi yin ta ga mai damuwar da ta kai shi ga neman kashe kansa, da wanda ya sandare ya ƙi ci da sha, da mai jegon da hankalinta ya gushe har ake jin tsoron abin da za ta yi wa kanta ko jaririnta, da kuma wanda aka gwada ƙwayoyi iri-iri ba su yi ba. Ƙwayar damuwa kan ɗauki makonni kafin ta fara aiki, ita kuwa wannan sau da yawa akan ga canji cikin mako ɗaya ko biyu. Ƙididdigar da aka tattara daga ƙasashe da dama a 2017 ta nuna mutuwa kusan 2 a cikin kowace jinya 100,000.

Illarta kuwa ba abin ɓoyewa ba ce. Akwai ciwon kai da ruɗewa bayan farkawa. Babbar illa ita ce mantuwa. Mafi yawa takan wuce cikin makonni, amma akwai waɗanda wasu abubuwan da suka faru gab da jinyar kan ɓace musu har abada, kuma ga mahaddaci ko ɗan kasuwa mai riƙe lissafi a ka wannan abin dubawa ne. Bugu da ƙari, in ba a ci gaba da shan magani ba, ciwon kan dawo wa da yawa cikin watanni.

Kammalawa

Tarihin jinyar nan ya nuna sharuɗɗa huɗu da suka raba ta da azaba: a zaɓi wanda ya dace da ita, a yi ta cikin barci, a yi wa majinyaci da danginsa bayani har su yarda, a kuma sami dokar da za ta hukunta wanda ya ƙetare iyaka. Uku daga ciki aikin likitoci ne da hukuma. Na bayani kuwa aikin harshe ne. Takardar neman izinin da aka rubuta da Turanci, aka miƙa wa tsohuwar da ta kawo ɗanta daga Karfi ko Gezawa ta dangwala yatsa, ba ta cika sharaɗin yarda ba. Muddin abin da ke bakin mutane shi ne za a jona masa wuta, tsoro zai riga bayani shiga zuciya. Akwai bukatar masana Hausa na Jami'ar Bayero su zauna da likitocin Gyaɗi-Gyaɗi da malaman da majinyata ke fara zuwa wajensu, su daidaita kalmomin da za su faɗi amfanin jinyar da illarta ba ragi ba ƙari, yadda iyalin da abin ya shafa za su karɓa ko su ƙi bisa sani.